Jinin da ya tsaya da kansa: yadda sankarar ƙoda ta bi jijiya a jikin kawuna

Ranar da hoton ƙirji ya nuna cutar ta sauka a huhun Kawu, wata goma sha ɗaya bayan an cire masa ƙodar hagu, maganar farko da aka yi a tsakar gida ita ce: "Ai dama mun faɗa, daji ba ya son ƙarfe." Goggo ce ta faɗa, ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dube ni ba, amma kowa ya san da wanda take. Ni ne na tsaya kai da fata sai an yi aikin. Ni ma'aikacin jinya ne a Gombe, Kawu kuwa ƙanin mahaifiyata ne, shi ya biya mini kuɗin makaranta bayan rasuwar mahaifina. Da izininsa nake rubuta wannan, da sharaɗin kada in ambaci sunansa ko ƙauyenmu. Ina so in bi lamarin daki-daki, domin na ga irin wannan magana ta Goggo ta hana mutane da yawa aikin da zai iya ceton su.

Kawu yana da shekara 57 lokacin da abin ya fara. Manomi ne, yana da fadamar shinkafa a yankin Dadin Kowa, da kaka kuma yana kai hatsi kasuwar Tudun Hatsi. Mutum ne mai jiki, yana da hawan jini amma sai ya ji ciwon kai yake shan magani, ya kuma sha taba sama da shekara ashirin kafin ya bari bayan ya dawo daga aikin hajji. Taba da ƙiba da hawan jini su ne manyan abubuwa uku da aka tabbatar suna ƙara haɗarin sankarar ƙoda, cutar kuma ta fi kama maza, wajen ninki biyu na mata. Duk ya haɗa su, amma babu wanda ya taɓa tunanin haka, har da ni.

Wata safiya da sanyi, ana tsakiyar noman rani, ya yi fitsari ya ga jini. Babu zafi, babu raɗaɗi, babu zazzaɓi. A yankinmu jini a fitsari ba baƙon abu ba ne. Duk wanda ya tashi yana wanka a bakin dam ko yana shiga ruwan shinkafa ya san tsargiya, har wasu iyaye suna ɗaukar ta alamar yaro ya fara girma. Kawu ya je wani kemis, aka ba shi maganin tsargiya, kwana biyu jinin ya ɗauke. Daga nan ya sakankance cewa magani ya yi aiki.

A nan ne aka yi asarar farko, kuma ita ce mafi girma. Jinin da ke fitowa daga ƙarin da ya tsiro a ƙoda haka ɗabi'arsa take: ya zo, ya yi kwana ɗaya ko biyu, ya tsaya da kansa ko an sha magani ko ba a sha ba. Akwai kuma bambancin da tambaya ɗaya za ta fito da shi. Jinin tsargiya ya fi zuwa a ƙarshen fitsari, ɗigo-ɗigo, domin a bangon mafitsara ƙwayayen tsutsar suke. Na Kawu kuwa, kamar yadda ya gaya mini daga baya, tun daga farkon fitsarin har ƙarshensa ja ne, kamar ruwan zoɓo. Jinin da ya gauraya da fitsari haka, a jikin mutumin da ya haura hamsin, ba tare da ciwo ba, sai an ɗauke shi a matsayin sankara har gwaji ya nuna ba ita ba ce. Ko da an ga ƙwayayen tsargiya a fitsarinsa, bai kamata a tsaya nan ba, domin mutum yana iya ɗauke da cuta biyu.

Da damina ta faɗi, wajen wata biyar bayan na farko, jinin ya dawo, wannan karon da gudaji dogaye sirara kamar tana. Siffar tasu tana da ma'ana: jinin ya daskare ne a cikin siririn bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, shi ya sa ya fito da siffar bututun. Aka ce sanyi ne, aka jiƙa masa saiwoyi. Jinin ya sake tsayawa.

Abin da ya kawo shi wurina daga ƙarshe wani abu ne daban, kuma kunya ta sa ya yi watanni yana ɓoye shi. Wata rana da zafi, wata goma sha huɗu da ganin jinin farko, ya zo Gombe, bayan sallar la'asar ya ja ni gefe. Ya daɗe yana murza carbi kafin ya ce, "Ɗana, akwai abin da ba na iya faɗa wa kowa, amma kai aikinka ne." Jijiyoyin marainansa na hagu sun kumbura, sun yi cunkus. Ya ɗauka gwaiwa ce ke shirin kama shi. Na tambaye shi, "Kawu, in kun kwanta yana sacewa?" Ya ce ko kaɗan. Na dube shi sosai a lokacin, na ga rigarsa ta yi masa yawa, idanunsa sun yi fari. Gabana ya faɗi, domin na san abin da wannan ke nufi. Jijiyar da ke kwashe jini daga marainan hagu a cikin jijiyar ƙodar hagu take zuba, ba kamar ta dama ba wadda ke zuba kai tsaye a babbar jijiyar ciki. Idan dattijo ya wayi gari da irin wannan kumburi a hagu, kuma bai sauka in ya kwanta, to akwai yiwuwar wani abu ya tare hanya a can sama.

Abin da hotuna suka nuna

Washegari aka yi masa hoton ciki, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Minti goma bai cika ba mai hoton ya juyo da allon ya nuna mini: ƙari a saman ƙodar hagu, faɗinsa wajen santimita 9. Ƙodar babban mutum tsawonta santimita 10 zuwa 12 ne, wato abin ya kusa kai girman ita kanta ƙodar. Wannan hoton da ya fi sauƙi da araha cikin duk gwaje-gwajen da muka yi, da tun ranar jinin farko aka yi shi.

Mutane kan yi mamakin yadda abu zai yi girma haka mutum yana yawo bai sani ba. Ƙoda tana can baya ne, bayan hanji, jingine da ƙashin baya, kitse ya lulluɓe ta. Akwai filin da ƙari zai yi ta girma bai taɓa komai ba. Alamomi ukun da muka haddace a makaranta, jini a fitsari da ciwon kwiɓi da ƙullutu a ciki, ba sa haɗuwa a jikin mara lafiya sai a wajen mutum 1 cikin 10, kuma in sun haɗu yawanci cutar ta yi nisa. A ƙasashen da ake yawan ɗaukar hoton ciki, fiye da rabin masu wannan cuta ana gano ta ne bagatatan, an je neman wani abu daban. A wurinmu sai ta yi magana da kanta.

Aka duba ƙarfin ƙoda a jini, aka ga ta dama tana aiki lafiya, sannan aka yi babban hoton nan na siti-sikan da ake ɗura ruwa a jijiya. Shi ne ya nuna iyakar tafiyar. Ƙarin ya huda tantanin ƙodar ya shiga kitsen da ke kewaye, sannan wani reshe nasa ya kutsa cikin jijiyar ƙodar kamar yatsa a cikin tiyo. Bai kai babbar jijiyar ciki ba. Kaluluwar da ke kusa ba ta kumbura ba, hanta lafiya. A huhun dama akwai ɗigo biyu ƙanana, ba su kai ƙwayar dawa ba. Likitan ya ce ba za a iya yanke hukunci a kansu ba, domin tabon tsohon ciwon ƙirji ma haka yake fitowa, sai dai a sa musu ido. Na riƙe wannan magana, kuma ita ce hujjata har yau.

Yadda take tafiya

Sankarar ƙoda iri-iri ce, amma wajen 9 cikin 10 a manya daga ƙwayoyin ƙananan bututan da ke tace fitsari take tasowa. Ta yara ƙanana daban ce, maganinta ma daban, kada a haɗa su. Tana da hanyoyi uku. Takan ci gefe, ta huda tantani ta shiga kitse, daga nan ta kai abin da ke maƙwabtaka. Takan bi magudanan kaluluwa. Amma hanyar da ta fi shahara da ita ita ce jini, dalilin kuwa a bayyane yake. Ƙoda biyu ƙanana ne, amma wajen kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ta cikinsu yake bi, suna tace ruwa kimanin lita 180 a kullum. Ƙarin da ya tsiro a irin wannan wuri kamar shuka ce a bakin kogi, duk irin da ya faɗo ruwa zai tafi da shi.

Ita kuma wannan cuta tana da wata ɗabi'a da ba kowace sankara ke da ita ba. Ba ƙwayoyi kawai take saki ba, ita kanta takan yi girma a cikin ramin jijiya, ta bi ta kamar yaɗon kabewa, daga jijiyar ƙoda zuwa babbar jijiyar ciki, a wasu mutane har ta taɓo ɗakin zuciya na dama. Duk ƙwayar da ta ɓalle, jini zai kai ta zuciya, zuciya ta tura ta huhu. Huhu shi ne rariya ta farko a kan hanya, jijiyoyinsa sirara ne ƙwarai, nan ƙwayoyin ke maƙalewa. Shi ya sa huhu ne wurin da aka fi samun ta in ta yaɗu, sai ƙashi, sai hanta, sai ƙwaƙwalwa. Wadda ta sauka a huhu ba ta zama sankarar huhu ba. In an yanko ta an duba, ƙwayoyin ƙoda ne, kuma maganin sankarar ƙoda za a ba ta.

Ƙwayar da ta maƙale ba nan take take bayyana ba. Tana iya yin watanni, wani lokaci shekaru, ba ta kai girman da hoto zai gani ba. An sha ganin cutar ta dawo bayan shekara goma da yin aiki. A cikin waɗanda aka yi wa tiyata ana ganin an kwashe komai, tsakanin 20 zuwa 30 cikin 100 cutar kan sake fitowa a wani wuri, kuma haɗarin ya fi yawa ga wanda ƙarinsa ya riga ya shiga jijiya.

Likitoci suna kasa ta mataki huɗu. Ƙarin da bai wuce santimita 7 ba, yana cikin ƙoda, mataki na ɗaya. Wanda ya wuce haka amma bai fita ba, na biyu. In ya shiga jijiya ko kitse ko kaluluwar kusa, na uku, nan Kawu yake. In ya tsallake shingen da ke kewaye da ƙodar ko ya sauka a wata gaɓa mai nisa, na huɗu. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa cikin waɗanda aka gano cutar tana cikin ƙoda kawai, sama da 90 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar. Cikin waɗanda ta riga ta yi nisa, ba su kai 20 ba. Tsakanin waɗannan lambobi biyu ne watanni goma sha huɗun Kawu suka faɗa.

Taron gida da ranar aiki

Sai da muka yi sati shida kafin gida ya yarda. Ba na ganin laifinsu, tsoronsu yana da tushe. Goggo ta ga maƙwabciyarta da aka yanke wa nono ta rasu cikin shekara. Babban ɗan Kawu kuma ya ji labaran da ake yaɗawa na sace ƙodar mutane, yana tambaya ina za a kai wadda aka cire. Wani ya ce mai ƙoda ɗaya wankin ƙoda ne makomarsa. Likitan tiyatar ya zaunar da su kusan awa guda. Ya ce, "Baba, ƙodar nan ta hagu ta riga ta daina yi muku aiki, ta dama ce ke riƙe da ku tun tuni." Ya bayyana cewa ƙoda mai sankara ba ta dasuwa a jikin kowa, ɗakin gwaji za a kai ta, kuma ɗan zai iya rakiyar robar da za a saka ta ciki da kansa. Haka aka yi, shi ya ɗauke ta. Ya kuma gaya musu cewa ƙoda ɗaya mai lafiya tana isar mutum har tsufa.

Sun tambayi dalilin da ya sa ba za a ba shi kemo ba, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, a huta. Amsar ita ce irin wannan sankara ba ta jin kemo ɗin da aka saba bai wa masu sankarar nono ko ta hanji. Matuƙar ba ta yi nisa ba, wuƙa ce babban maganin da ke iya raba mutum da ita. Da ƙarin ƙarami ne, musamman wanda bai wuce santimita 4 ba, da shi kaɗai za a yanke a bar sauran ƙodar. A wasu wuraren ma ana ƙona ƙananan ko a daskarar da su ta hanyar allura, tsofaffi masu rauni kuma a sa ido kawai. Na Kawu ya wuce duk wannan.

An tanadi jini leda huɗu daga 'yan'uwa, domin ƙarin ƙoda cike yake da jijiyoyi, yana zubar da jini sosai. An yi amfani da biyu. Aka cire ƙodar da kitsenta da reshen da ke cikin jijiya. Likitan ya gaya mini cewa tun kafin ya motsa ƙodar sai da ya ɗaure jijiyoyinta, kuma haka ƙa'idar aikin take. Kwana takwas aka sallame shi. Sakamakon ɗakin gwaji ya tabbatar da nau'in da ya fi yawa, mai ƙwayoyi garai-garai, wanda shi ne wajen kashi uku cikin huɗu na masu cutar.

A nan akwai kuskuren da ni ma ina da hannu a ciki. An ce mu dawo da hoton ƙirji da na ciki bayan 'yan watanni. Kawu ya murmure, ya yi ƙiba, kumburin nan ya sace, ya koma fadama. An riga an sayar da shanu biyu. Da lokacin ya yi ya ce, "Ɗana, lafiyata ƙalau, kuɗin hoton nan a sayi taki." Na yi masa magana sau biyu, na ga ransa ba ya so, na yi shiru. Bai kamata in yi shiru ba. Likitan ya kuma ambata mana wata allura, pembrolizumab, wadda tun 2021 aka amince a Amurka a riƙa yi wa masu haɗari irin na Kawu har shekara guda bayan aiki, domin rage yiwuwar dawowar cutar. Da muka ji kuɗin allura ɗaya, ba mu sake ɗaga maganar ba.

Dawowarta

Bayan ƙaramar sallah tari ya kama shi, busasshe, da ciwo a cinyar dama wanda ya fi tsanani da dare. A asibitin ƙauye an fara zargin tarin fuka, kuma daidai ne a zarge shi, amma gwajin kaki bai nuna komai ba. Hoton ƙirji ya fito da ƙulle-ƙulle zagayayyu guda biyar, biyu daga cikinsu a daidai inda ɗigon nan biyu suke tun kafin a taɓa shi da wuƙa. Na ɗauko tsohon hoton da sabon na jera su a jikin taga, na kira Goggo. Na ce, "Goggo, ku duba nan. Wannan an ɗauke shi sati shida kafin aiki." Ta daɗe tana kallo. Ba ta ce ta yarda ba, amma daga ranar ba ta sake maganar ƙarfe ba.

Na fahimci inda maganar ta samo asali. Mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai cuta ta ci ta cinye, a yi aiki a makare, bayan 'yan watanni abin da ya riga ya ɓuya ya fito, ido kuwa aikin ya gani na ƙarshe, sai ya ɗora masa laifi. Na gaba ya ji labari ya ƙi zuwa da wuri, shi ma ya makara, labarin ya ƙara ƙarfi. Ƙwayoyin da ke huhun Kawu sun tafi ne a watannin da fitsarinsa ya yi fari muna murna.

Ciwon cinyar ma ita ce. Sankarar ƙoda in ta sauka a ƙashi cinye shi take yi, ta bar rami, ƙashin yana iya karyewa daga ɗan tuntuɓe. Aka hana shi ɗaukar kaya da hawa babur, aka tura mu inda ake da na'urar gashi, wadda ke gasa wurin cutar da haske mai ƙarfi. Gashi ba ya warkar da wannan cuta, amma yana kwantar da ciwon ƙashi sosai, kuma cikin sati uku Kawu ya fara barci. Aka duba sinadarin kalsiyam a jininsa, domin cutar kan ɗaga shi har mutum ya riƙa jin ƙishi da taurin bayan gida da ruɗewa, 'yan'uwa su ɗauka aljanu ne. Nasa yana daidai.

Maganin da yake sha yanzu ƙwaya ce, sunitinib. Na so in fahimci yadda take aiki don in iya yi masa bayani, sai na koma karatu. A yawancin masu irin nau'insa, wani ɓangare na gadon halitta da ke kula da yadda ƙwayar jiki ke jin ƙarancin iska ya lalace. Sai ƙwayar ta riƙa jin kamar kullum an shaƙe ta, tana ta aika saƙon a shimfiɗo mata sababbin jijiyoyin jini. Da waɗannan jijiyoyi take ci take girma. Binciken da ya warware wannan sirri shi ne ya ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019. Sunitinib, wadda aka amince da ita a 2006, tana toshe wannan saƙo. Na ce wa Kawu kamar a datse ruwan da ke shiga fadama ne: ciyawar ba ta mutu duka ba, amma ba ta samun abin sha. Ya gane nan take, ya kuma gane abin da ban faɗa ba, ya ce, "Wato ranar da aka buɗe ruwa za ta tashi." Na ce haka ne, Kawu.

Sunitinib ba ita ce kan gaba a duniya yanzu ba. Tun daga 2018 an koma fara wa yawancin marasa lafiya da magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki, nivolumab tare da ipilimumab, daga 2019 kuma pembrolizumab tare da axitinib, kuma sun fi sunitinib tsawaita rai a gwaje-gwajen da aka yi. Wasu ƙalilan cutar kan ɓace daga hotonsu tsawon shekaru. Likitan sankarar bai ɓoye mana wannan ba, na kuma gode masa. Amma abin da hannu zai iya kaiwa shi ake ɗauka. Na bincika asusun tallafin masu sankara da gwamnatin tarayya ta fara a 2021, wanda Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe yana cikin asibitoci shida da aka fara da su. An tsara shi ne a kan sankarar nono da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, waɗanda suka fi yawa a ƙasar nan. Kuɗin Kawu daga dangi yake fitowa, kowa da abin da ya yanka wa kansa a wata.

Ana shan ƙwayar sunitinib miligiram 50 kullum sati huɗu, a huta sati biyu. Ba ta da sauƙi. A zagaye na biyu tafin ƙafarsa ya yi ja ya ɗaɗe, har ya kasa taka ƙasa zuwa masallaci, bakinsa ya yi gyambo, yaji ya gagare shi, hawan jininsa ya tashi. Gemunsa ya yi fari fat, in ka duba da kyau za ka ga zane-zane a jikin gashin, fari na makonnin sha, mai duhu na makonnin hutu. Ya so ya bari. Likita ya rage masa zuwa 37.5, ya ƙara maganin hawan jini, na saya masa takalmi mai laushi da man shafawa, Goggo ta koma yi masa miyar kuka ba barkono. Na kai masa na'urar awon jini gida, ƙaramar 'yarsa ce ke aunawa kowace safiya tana rubutawa a bayan littafin makarantarta.

Yaƙin da nake yi kullum shi ne na tsare ƙodar da ta rage. Duk mai zuwa dubiya da ƙullinsa na magani. Kawu ba ya iya mayar da hannun kyauta, don haka muka yi yarjejeniya: addu'a da rubutu da tofi babu mai hana shi, amma jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba ba zai shiga bakinsa ba. Haka magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis kamar gyaɗa, suna cutar da ƙoda, na kwashe su daga ɗakinsa. In ciwo ya tashi akwai abin da likita ya rubuta masa, har da ruwan mofin, maganin ciwo mai ƙarfi, kuma na sha fama kafin gida ya yarda cewa ba shi mofin ba ya nufin an sallama shi.

Wata takwas ke nan yana kan maganin. Sau ɗaya ya yanke na sati uku saboda kuɗi ba su haɗu ba. Hoton da aka yi bayan wata uku ya nuna uku daga cikin ƙulle-ƙullen sun ragu, biyu suna nan yadda suke, babu sabo. Na wata shida bai canza ba. Likita ya gaya masa a gabana cewa ba warkewa ake nema ba, riƙewa ake yi, kuma ƙwayar kan yi aiki na wani lokaci sannan cutar ta samo wata hanya, a nan sai a sauya wata in da hali. Kawu ya ce ya ji, rai na Allah ne, amma yana so ya ga auren 'yarsa.

Tarin ya tsaya. Yana tafiya da sanda, yana zuwa sallar Juma'a, da yamma a ɗauke shi a mota zuwa bakin fadama ya zauna a inuwa yana kallon masu yankan shinkafa. Azumi na tafe, ya riga ya tambayi malaminsu, an ce masa ya ciyar. Hoto na gaba bayan an gama sussuka ne, kuma wannan karon kuɗinsa yana hannuna tun yanzu, na ƙi bari a taɓa. Ƙwayoyin da suka rage a kwalba za su kai shi ƙarshen wata mai zuwa. Babban ɗansa yana ganin a sayar da rabin fadamar, Kawu ya ce a bari a ga abin da shinkafar bana za ta kawo.